Yadda Ake Haɗa Taswirar Fuskar Wata Gaba Ɗaya Daga Hotunan Kumbo

Wata dunƙule yake, saboda haka babu kyamarar da za ta ɗauke shi gaba da baya a hoto guda. Duk taswirar da ka gani ta shimfiɗe fuskarsa tun daga ƙuryar arewa har ta kudu, haɗi ce ta dubban hotuna da kumbo ya ɗauka yana kewaya shi. Wadda aka fi aiki da ita yau ta fito ne daga kumbon LRO na hukumar NASA, wanda aka harba ranar 18 ga Yuni, 2009. Masu kula da kyamarorinsa a Jami'ar Jihar Arizona sun haɗa ta da hotuna sama da 15,000 da aka ɗauka daga Nuwamba 2009 zuwa Fabrairu 2011, kowane ɗigon hoto yana daidai da mita 100 a ƙasa.

Hotunan kyauta ne, manhajar da ake sarrafa su da ita ma kyauta ce. Mai kwamfuta mai ɗan ƙarfi da haƙuri zai iya bin sawun aikin. Sai dai masu farawa sukan ɗauka haɗa hotunan shi ne babban aiki, alhali shi ne mafi sauƙi. Tela ya san in yanka ya karkace, babu ɗinkin da zai miƙar da riga. Nan ma tun wajen zaɓen haske da gane ainihin inda kowane ɗigo ya faɗa taswira take gyaruwa ko ta lalace.

Taswirar me kake so?

Amsa wannan kafin ka sauko da ko fayil ɗaya. Dubi ramin Tycho, mai faɗin kusan kilomita 85 a kudancin fuskar da muke gani. In rana na tsaka a kansa, fari fat yake, ga zanen farar ƙasa ya fantsama daga gare shi har sama da kilomita 1,500, amma ba ka ganin zurfinsa. In rana ta yi ƙasa, zanen ya ɓace, sai ka ga bangon ramin hawa-hawa da tsaunin da ke tsakiyarsa yana jefa inuwa. Rami ɗaya ne, amma taswira iri biyu. Ta farko tana nuna hasken ƙasar da launinta, ita masu nazarin ma'adinai suke so. Ta biyu tana nuna siffa: tudu, kwari, gangare. Ba a gauraya su. Wannan jagorar ta bi ta biyu, da ƙaramar kyamarar LRO mai faɗin gani, wato WAC.

Me ya sa WAC? Lissafi ne. Ana ɗaukar Wata a matsayin ƙwallo mai nisan kilomita 1,737.4 daga cibiya zuwa fuska, zagayensa kusan kilomita 10,916 ke nan. A mita 100 kowane ɗigo, taswirar za ta kai ɗigo 109,164 a kwance da 54,582 a tsaye, kusan biliyan 6. In kowane ɗigo ya ci bayit huɗu, kamar yadda yake ci lokacin sarrafawa, gigabayit 24 ke nan, ban da tarin fayilolin tsaka-tsaki. Kyamarar ƙasa ta kumbon Kaguya na Japan, wanda aka harba a 2007, mita 10 take gani, ka ninka wancan sau ɗari. Manyan kyamarorin LRO guda biyu, NAC, suna ganin rabin mita, ninki 40,000. Sin ta fitar da tata taswirar ta mita 7 daga kumbon Chang'e 2 a 2012, amma wannan aikin hukuma ne mai ɗakunan kwamfutoci.

Ko da WAC ɗin ma, kada ka tunkari Wata duka a karon farko. Ɗauki yanki mai digiri 10 kowane ɓangare, kamar kewayen ramin Copernicus, ka bi matakan har ƙarshe. Ga wanda yake sayen data da tsada, ko wutarsa take zuwa tana tafiya, wannan ba shawara ba ce, dole ce.

Kayan aiki

Manhajar ita ce ISIS, wadda cibiyar nazarin duwatsun sararin samaniya ta hukumar USGS da ke Flagstaff a Amurka take kula da ita. Tana aiki a Linux da macOS, mai Windows kuma sai ya bi ta WSL, wato hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows. Ana girka ta da conda, wata manhajar girka manhajoji. ISIS ɗin ƙananan shirye-shirye ne masu yawa, kowanne da aikinsa ɗaya, ana kiransu a jere. Ka haɗa da GDAL da QGIS, manhajojin sarrafa taswira da duba ta, don matakin ƙarshe.

Hotunan suna ma'ajiyar NASA mai suna PDS. Hanya mafi sauƙi ta lalubo su ita ce shafin ODE na Jami'ar Washington da ke St. Louis, inda za ka zana akwati a kan taswira, ka sa iyakar kusurwar rana, ya jero maka abin da ya dace. Ɗauki ɗanyun fayiloli masu laƙabin EDR. Na WAC masu launi sunansu yana ƙarewa da CE.

Zaɓen hotuna

Kusurwa uku ne za su yi ta bin ka har ƙarshen aiki. Ka ɗauka an kafa sanda a tsaye cak a wurin da ake ɗauka. Kusurwar da ke tsakanin sandan da rana ita ce kusurwar faɗuwar haske: sifiri rana tsaka, 90 rana a bakin faɗuwa. Tsakanin sandan da kumbo ita ce kusurwar kallo. Tsakanin rana da kumbo, in an duba daga wurin, ita ce kusurwar tsakani. Taswirar Arizona ta nemi hotunan da kusurwar faɗuwar haskensu take tsakanin digiri 55 da 70. Ƙasa da haka siffa takan dushe, sama da haka inuwa takan cinye ramuka.

Ga abin da ya sa aikin ya ci fiye da shekara. LRO yana bi ta kan ƙuryoyin Wata biyu, yana gama zagaye cikin kusan awa biyu, Wata kuma yana juyawa a ƙarƙashinsa sau ɗaya cikin kwana 27.3. Kowane zagaye, sawun kumbon yana matsawa kusan kilomita 30 a ikwaita. Daga tsayin kilomita 50, WAC tana share faɗin kusan kilomita 57 in tana ɗaukar launi, don haka kowane zirin hoto yana hawa kan maƙwabcinsa, cikin wata guda kuma ta kusan gama Wata duka. Da alama an huta. Amma a cikin wannan watan rana ma ba ta tsaya ba: matsayinta game da hanyar kumbon yana sauyawa kusan digiri ɗaya a kullum. Zirin da aka ɗauka ranar farko da na ranar ƙarshe za su kwanta kusa da juna, bambancin haskensu ya kusa digiri 30. Tagar 55 zuwa 70 kuwa mako biyu kawai take ɗauka, wajen rabin Wata. Sai ka jira ta sake zagayowa.

Tana zagayowa sau huɗu a shekara, amma biyu rana daga gabas take haskawa, biyu daga yamma. Kada ka cakuɗa su a yanki ɗaya. Idon mutum yana karanta zurfi ne daga ɓangaren da inuwa ta faɗi, in ta juya sai rami ya koma kamar tudu, kuma babu gyaran haske da zai juyar da inuwa. Ka tace jerinka da lokacin yini na wurin, ko dai safiya zalla ko yamma zalla.

Kuma yayin da kake nesa da ikwaita rana tana ƙara yin ƙasa. A latitud 60, ko da rana tsaka ce, kusurwar faɗuwar haske ta riga ta kai wajen 60. Watannin da suka dace da tsakiya ba su ne suka dace da sama da ƙasa ba. Ka lura da shekara ma: daga Disamba 2011 an mai da LRO hanya mai tsawo, yana kusantar kudu yana nisantar arewa, saboda haka girman ɗigo ya daina zama ɗaya a ko'ina.

Shigar da hoto da sanar da shi inda yake

lrowac2isis from=hoto.IMG to=hoto.cub

Fayil ɗaya ka ba wannan shirin na ISIS, huɗu zai ba ka, kada ka ɗauka kuskure ne. WAC ba ta ɗaukar babban hoto guda. 'Yan siraran yanka take ɗauka, masu layi 14 a launukan da ido ke gani, ɗaya bayan ɗaya, kumbo yana tafiya, ta matatun launi bakwai: biyu na hasken da ido ba ya gani, nanomita 321 da 360, biyar na wanda yake gani, 415, 566, 604, 643 da 689. Tunda kowane yanka yana ɗan hawa kan na gabansa, manhajar tana raba su gida biyu, tsallake ɗaya ɗauki ɗaya, sannan ta ware launukan da ido ke gani daga sauran. Fayiloli biyu masu vis a sunansu su ne naka, launi na huɗu a cikinsu, 643, shi aka yi taswirar Arizona da shi.

Hoton bai san inda aka ɗauke shi ba tukuna. Wannan bayanin yana cikin fayilolin SPICE da sashen NAIF na cibiyar JPL yake ajiyewa: inda kumbo yake a kowace daƙiƙa, inda ya fuskanta, yadda aka ɗaura kyamara a jikinsa, da yadda agogonsa ya dace da na Duniya. Kumbon yana gudun kusan kilomita 1.6 a daƙiƙa, kuskuren daƙiƙa ɗaya ɗigo 16 ne.

spiceinit from=hoto.vis.even.cub web=yes

Zaɓin web=yes yana ɗauko iya abin da hoton yake bukata ta intanet, maimakon ka sauko da tarin fayilolin LRO da za su cika maka faifai.

Daga nan sai lrowaccal. Tana cire abin da kyamara take rubutawa ko a cikin duhu, ta daidaita ɗigogin da wasu suka fi wasu jin haske, ta mai da ɗanyun lambobi ma'aunin hasken da ƙasa ta maido. Ba ta da wahala, amma sai bayan spiceinit, domin tana bukatar nisan rana.

Tudu da kwari

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi cin mutum. In ka bar manhaja ta ɗauki Wata sumul, duk abin da kyamara ta hango a karkace zai faɗi ba a wurinsa ba. A gefen zirin WAC kusurwar kallo tana kai wajen digiri 30. Tsauni mai tsayin kilomita 3 a wannan gefen zai goce kusan kilomita 1.7, ɗigo 17 ke nan. Zirin da ke kusa kuwa daga ɗaya ɓangaren ya hango shi, sai ya goce da shi ta can. In ka haɗa su, tsauni ya zama biyu, bakin rami ya karye. Wata kuma ba shafaffe ba ne: wuri mafi tsayi ya haura kilomita 10 sama da matsakaici, mafi zurfi ya kai kilomita 9 ƙasa, duka a bayansa.

Maganin shi ne ba spiceinit taswirar tudu da kwari da shape=user da model=sunan fayil. Akwai ta LOLA, na'urar LRO mai harba hasken lesa biyar-biyar sau 28 a daƙiƙa tana auna nisa. Akwai GLD100 da aka ciro daga hotunan WAC kansu, da SLDEM2015 da ta haɗa LOLA da Kaguya tsakanin latitud 60 arewa da 60 kudu. Kowacce ta wadatar a mita 100 a inda ta kai, ka dai riƙe ɗaya har ƙarshe.

Gyaran haske

Buɗe ziri ɗaya a qview, shirin ISIS na kallon hoto, ka duba, za ka ga ɓangare ɗaya ya fi ɗaya haske ko da ƙasar iri ɗaya ce. Ƙurar Wata tana maido haske sosai ta inda ya fito, kusurwar tsakani kuma tana iya bambanta da wajen digiri 60 daga wannan gefen ziri zuwa wancan. In ka jera su haka, taswirar za ta fito da ratsi-ratsi a tsaye. Gyaran shi ne a lissafa yadda kowane ɗigo zai kasance da an ɗauke shi a matsayi guda da aka amince da shi. Masu taswirar kumbon Clementine na 1994 sun zaɓi faɗuwar haske 30, kallo sifiri, tsakani 30. Masu WAC suka zaɓi 60, sifiri, 60.

A ISIS shirin photomet ne yake wannan, akwai kuma lrowacpho na WAC kaɗai. Lissafin da aka fi dogara da shi na masanin nan Bruce Hapke ne. Matsalarsa, baƙaƙen filayen nan na daskararren dutse ba sa amsa haske kamar fararen tuddai, lambobin da suka gyara wannan sai su ɓata wancan. Shi ya sa Hiroyuki Sato da abokan aikinsa suka fitar a 2014 da lambobi daban ga kowane akwati mai digiri ɗaya. A ganina, ga taswirar siffa, mai farawa ya yi amfani da lambobin tuddai, tunda su ne fiye da kashi 80 cikin ɗari na fuskar Wata, ya haƙura da ɗan ratsin da zai rage a filaye. Kuma ka yanke duk ɗigon da kusurwar haskensa ta kusanci 90, domin a nan lissafin yana raba lamba da abin da ya kusa sifiri, sai datti ya fito fari tas.

Shimfiɗawa

Yanzu za a kwantar da kowane hoto a kan fili guda. Rubuta fayil ɗaya na ƙa'idoji da maptemplate, kowane hoto ya bi shi: salon Equirectangular, nisan cibiya mita 1,737,400, latitud daga cibiyar Wata, longitud yana ƙaruwa gabas, mita 100 kowane ɗigo. Ka yanke tun yanzu ko longitud zai tashi daga sifiri zuwa 360 ne ko daga −180 zuwa 180. Tycho yana kusan 349 a na farko, −11 a na biyu, in ka gauraya su rabin hotunanka za su tafi wata duniya.

cam2map from=hoto.cub to=hoto.map.cub map=wata.map pixres=map

Kada ka manta pixres=map, in ba haka ba kowane hoto zai fito da girman ɗigonsa, su ƙi haɗuwa. Ka shimfiɗa gidajen nan biyu kowanne daban, sannan ka haɗe su su koma ziri ɗaya.

Akwai kuma tarko a kan inda sifiri yake. Tsari biyu ne: ɗaya ya dogara da matsakaicin inda Wata yake fuskantar Duniya, ana kiransa ME, ɗaya da yadda nauyinsa ya rabu, ana kiransa PA. Tazararsu a ƙasa ta kusa kilomita ɗaya. Taswirori ME suke bi. In ka ga duk aikinka ya goce wajen ɗigo takwas ko tara ta ɓangare guda, nan za ka fara dubawa.

Salon nan yana miƙe ƙasa a kwance yayin da ake nesa da ikwaita: ninki biyu a latitud 60, kusan shida a 80. Don haka ake tsayawa a 60, a raba tsakiyar gida takwas masu digiri 90 a kwance da 60 a tsaye, ƙuryoyin biyu kuma a yi musu salon PolarStereographic.

Kafa turaku

In bakin ramuka bai haɗu ba duk da haka, bayanin inda kumbo ya fuskanta ne yake da gyara. Ana neman wurare iri ɗaya a hotunan da suka hau juna, a kafa su turaku: footprintinit da findimageoverlaps su gano inda aka yi hawan, autoseed ta warwatsa turakun, pointreg ta daidaita su, jigsaw kuma ta gyara matsayin dukkan hotunan a lokaci guda har saɓanin ya ragu. Ka ɗaure wasu turakun da ma'aunin LOLA, in ba haka ba hotunan za su yarda da juna su kuma goce tare.

Da WAC a mita 100 sau da yawa ba ka bukatar wannan, domin an san hanyar LRO sosai, musamman bayan kumbunan GRAIL sun auna jan nauyin Wata a 2012. Da tsofaffin hotuna kuwa babu makawa. Taswirar Clementine, mai hotuna sama da 43,000, ta goce da kilomita da dama a wasu wurare, har aka sake kafa mata turaku 272,931 a tsarin ULCN na 2005. Na kumbunan Lunar Orbiter na 1966 da 1967 sun fi ban tausayi: a cikin kumbon ake wanke fim, a karanto shi zare-zare zuwa Duniya, shi ya sa har yau ake ganin layuka a jikinsu.

Haɗawa

automos fromlist=jeri.lis mosaic=yanki.cub priority=ontop track=true

Da ontop, na ƙarshe a jeri shi yake hawa sama, saboda haka ka sa mafi kyau a ƙasan jerin. Zaɓin track yana ajiye sunan hoton da kowane ɗigo ya fito daga gare shi, zai yi maka rana in ka ga aibi kana neman mai laifi. Akwai priority=average mai ɗaukar matsakaici, yana rage datti, amma in inuwoyi ba su dace ba sai ya dusashe su. Ga taswirar siffa na fi son ontop.

In gaɓoɓi sun rage, equalizer tana daidaita hasken maƙwabta, noseam tana shafe bakin haɗin. Ka ajiye kwafin da ba a shafa ba. Da zarar ka shafa, lambobin sun daina zama ma'auni, kwalliya ce kawai, kuma gaɓa mai kauri alama ce cewa wani mataki na baya bai yi ba.

Ƙuryoyi kuwa sha'aninsu daban. Wata ya karkata digiri 1.5 kacal, rana ba ta taɓa ɗagawa sosai a can, inuwoyi dogaye suna kewaya kowane tudu sau ɗaya a wata. Sai ka tara hotunan lokuta da yawa, kowane wuri ka ɗauki wanda haske ya same shi. Cikin ramuka irin Shackleton, mai faɗin kilomita 21 a ƙuryar kudu, rana ba ta shiga ko kaɗan. Sai kyamara irin ShadowCam, da ke kan kumbon Danuri na Koriya ta Kudu da aka harba a 2022, take gani da ɗan hasken da bango ya maido. A taka taswirar ka bar su yadda suke, kada ka cike da ƙirƙira.

Dubawa da fitarwa

Yi hoton inuwa daga taswirar LOLA a QGIS, ka ɗora taka a kai, ka riƙa kunna ta kana kashewa. In ramuka suna tsalle, akwai gocewa, ka auna ta da ɗigo a wurare da dama, har da bayan Wata da kusa da latitud 60. Bi layin longitud inda taswira ta fara ta kuma ƙare ka ga ko bakin biyu sun haɗu. Madubban lesa da Apollo 11, 14 da 15 da motocin Lunokhod biyu na Tarayyar Sobiyet suka bari su ne wuraren da aka fi sanin matsayinsu a Wata, amma sai da NAC ake ganin inda suke, a mita 100 ba za su amfane ka ba.

Sannan gdal_translate ta mai da fayil ɗin GeoTIFF, wato hoto mai ɗauke da bayanin wurinsa, gdaladdo ta yi masa ƙananan kwafi don ya riƙa buɗewa da sauri. In za ka rage shi zuwa bayit ɗaya don sa wa a intanet, yi amfani da iyakar haske guda ga dukkan gidaje goma, kada kowane gida ya miƙa nasa, kuma ka keɓe sifiri ga wuraren da babu hoto. Tare da taswirar ka ajiye ɗan rubutu mai ɗauke da jerin hotunan, launin da ka ɗauka, iyakar kusurwar haske da ɓangaren da rana ta fito, taswirar tudu da kwari da ka dogara da ita, tsarin ME, lambobin gyaran haske, da sigar ISIS ɗin da ka yi aikin da ita.